Zanen Riga a Kwamfuta da Darasin Kifin Tafkin Kainji

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Yelwa ana saura mako biyu Sallah ya san irin shari'ar da ake yi a wurin. Mutum zai taso daga Wara ko Shanga da yadi biyar na shadda, ya yi wa tela bayani da baki, ya nuna masa hoto a waya, ya kama hanya. Ranar karɓar ɗinki sai a tarar aljihu ya sauka ƙasa da inda ake so, ko wuya ya yi faɗi, ko tsagar gefe ta haura. Mai kaya ya ce ba haka ya faɗa ba, tela ya ce shi haka ya ji. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, sai dai abin da almakashi ya yanka ba ya komawa. Asarar takan fi muni idan kwangila ce ta rigunan makaranta, aka raba aikin tsakanin teloli uku ko huɗu, kowa ya ɗinka yadda ya fahimta.

Manyan masana'antun ɗinki na duniya sun daɗe da samo maganin wannan matsala. Kafin a taɓa yadi sai an yi wani zane na musamman, wanda a nan za mu kira zanen shimfiɗa. Shi ne zanen riga kamar an shimfiɗa ta a kan tabarma an goge ta, gaba daban baya daban, babu mutum a cikinta, babu inuwa, babu ado. Yana nuna kowane ɗinki, da kalmasa, da aljihu, da yawan maɓallai, kuma a gefensa akwai jerin awo. Da irin wannan takarda ce mai tsara tufafi a Ingila yake aika wa masana'anta a Bangaladesh aiki, a ɗinka masa dubban riguna iri ɗaya, alhali ba su taɓa ganin juna ba. Kada mai karatu ya haɗa shi da zanen talla, inda ake zana mutum dogo sanye da kaya yana taƙama. Kuma daban yake da takardar yanka, wadda ake ɗorawa a kan yadi a bi da alli. Aikinsa ɗaya ne, ya kashe gardama. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji.

Abin da ɗalibin kimiyya ya riga ya sani

Wani zai tambaya me ya kawo malamin ilimin halittu cikin maganar teloli. Amsar ita ce, ƙa'idojin wannan zane su ne dai ƙa'idojin da muke koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda kuma ake ba su maki a kai a jarrabawar WAEC da NECO. Idan aka ajiye wa ɗalibi kifi aka ce ya zana, ana bukatar fensir mai tsini, da layi guda wanda ba ya yankewa, ba tare da shafa inuwa ba. Layukan da ke nuna sunayen sassa a ja su da rula, kada su gitta juna. A ƙarƙashin zanen a rubuta sunan abin, da ma'aunin girmansa, wato tsawon zane a raba da tsawon kifin na gaske. Masana ma sun saba juya kan kifin ya fuskanci hagu, domin a iya jera zane biyu a gwada su.

Dalilin waɗannan dokoki shi ne, hoto yana ɗaukar komai, har da abin da ba a bukata. Hoton tarwaɗa da aka ɗauka a bakin ruwa a Yauri zai nuna ƙyallin ruwa da laka da inuwar mai ɗauka, amma wataƙila gashin bakinta biyu sun manne da jiki ba a gan su ba. Shi kuwa zane dole ya nuna takwas cif, domin tarwaɗa takwas gare ta, kurungu kuma shida. Haka ƙayoyin gadon bayan giwan ruwa, bakwai ne ko takwas, kuma sai mai zane ya ƙirga ya sa. Wannan ne ya sa littattafan tantance kifi, irin wanda Olaosebikan da Raji suka wallafa a New Bussa a 1998, suka dogara da zanen layi. Hoton riga a waya matsalarsa ke nan. Ninkewar yadi a jikin mai sanye da ita takan ɓoye inda ɗinkin kafaɗa ya bi, tela kuma sai ya cike gurbin da zato.

Ma'aunin girma ma haka yake. Jamfa mai tsawon inci 40, idan an zana ta inci 4, ma'auninta ɗaya bisa goma ne, kuma faɗin ƙirji da tsawon hannu duk sai sun bi wannan ma'auni.

Ɗigo da layi

Kwamfuta tana ajiye hoto ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗigo. Ana raba hoton zuwa ƙananan murabba'ai da ake kira fiksel, kowane da launinsa, kamar yadda masaƙar tabarma ke fitar da zane ta hanyar jera kaba mai launi. Hotunan waya duk irin wannan ne. Shafi ɗaya na takardar A4, idan ana so ya fito da kyau a bugu, yana ɗauke da fiksel 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. Kwamfutar ba ta san akwai hannun riga a cikin hoton ba, abin da ta sani kawai shi ne ɗigo kaza baƙi ne, ɗigo kaza fari. Idan aka faɗaɗa hoton sai layuka su zama kamar matakala, idan kuma aka ce a ƙara tsawon hannu sai an goge an sake.

Hanya ta biyu ita ce ta bekta. A nan kwamfuta umarni take ajiyewa: fara daga wuri kaza, ja layi mai kauri kaza zuwa wuri kaza, ka lanƙwasa shi ta haka. Duk lokacin da aka buɗe fayil ɗin sai ta sake bin umarnin ta zana. Saboda haka ko an mayar da zanen girman kan sarki ko girman bangon aji, layinsa sumul zai fito. Kaftani guda bai wuce 'yan wurare talatin ko arba'in da za a yi wa alama ba, don haka fayil ɗinsa ɗan mitsitsi ne. Babban amfanin kuma shi ne gyara. Mai son dogon hannu, sai a kama alamu biyu na bakin hannun a ja su ƙasa, shi ke nan.

Turke da akala

Miƙaƙƙen layi ba shi da wuya, alama biyu sun ishe shi. Wahalar tana ga lanƙwasa, irin ta wuyan riga da hammata. Masu sassaƙa kwale-kwale a bakin kogi a Yauri sun san amsar a aikace. Idan aka kafe katako a wurare kaɗan aka tanƙwara shi, da kansa yake bin lanƙwasa mai santsi, ba a bukatar a gaya wa kowane taku na katakon inda zai tsaya. Masu ƙera jiragen ruwa a Turai ma da haka suke zana jikin jirgi a da, suna lanƙwasa siririn itace suna danne shi da dalma a wurare kaɗan, sannan su bi gefensa da fensir.

Waɗanda suka mayar da wannan dabara lissafi ma'aikatan kamfanonin mota ne biyu a Faransa. Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya gano hanyar a 1959, amma kamfaninsa ya riƙe ta a matsayin sirri. Pierre Bézier na kamfanin Renault ya yi nasa aikin daban a shekarun 1960, ya kuma bayyana shi ga duniya, shi ya sa sunansa ne ya bi layin. Wannan lissafi ne ke cikin Adobe Illustrator da ya fito a 1987, da CorelDRAW na ƙasar Kanada da ya biyo baya a 1989, da Inkscape da aka fara a 2003.

Lanƙwasa guda tana bukatar alama huɗu kacal. Biyu su ne farko da ƙarshen layi, mu kira su turaku, domin a nan aka ɗaure layin. Sauran biyun ba a kan layin suke ba, jan sa suke yi zuwa wajensu kamar yadda ake jan raƙumi, don haka mu kira su akala. Inda akala ta fuskanta nan layin zai nufa idan ya bar turke, tsawonta kuma shi ne ƙarfin jan.

Malamin lissafi zai iya nuna wa ɗalibai wannan da takardar giraf da rula, ba sai da kwamfuta ba. A sa turke A a (0, 0), akala B a (0, 8), akala C a (8, 8), turke D a (8, 0). A nemo tsakiyar AB, da ta BC, da ta CD, za a sami (0, 4) da (4, 8) da (8, 4). A haɗa waɗannan ukun da layi biyu, a sake nemo tsakiyar kowane, za a sami (2, 6) da (6, 6). Tsakiyar waɗannan biyun ita ce (4, 6), kuma wannan alama a kan lanƙwasar take daidai. Abin lura shi ne, akalar ta kai takwas amma layin a shida ya tsaya, wato kashi uku cikin huɗu. Idan aka maimaita wannan rabi-rabi a ɓangaren hagu da na dama, alamu za su yi ta ƙaruwa har siffar ta bayyana. A juya takardar sama ta koma ƙasa, sai ga wuyan jamfa. Abin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai ita a cikin ƙiftawar ido take gamawa.

Inda saurin yake

Sabon mai koyo yakan ɗauka sauri a hannu yake, ya yi ta danna linzamin kwamfuta yana dasa turaku barkatai. A gaskiya saurin yana ga rage abin da za a zana tun farko.

Dabara ta farko daga ilimin halittu ma za a iya aro ta. Jikin mutum, kamar na kifi, hagunsa da damansa kusan ɗaya ne, tufafinsa kuma sun gaji wannan siffa. Saboda haka a ja layi a tsaye a tsakiyar shafi, a zana rabin riga kawai, a umarci manhaja ta juya shi kamar a madubi, sannan a haɗe turakun wuya da na ƙasa. An rage rabin aiki, kuma kafaɗa ɗaya ba za ta fi ɗaya tsawo ba. Bayan rigar ma ba a fara shi daga farko. A kwafi gaba, a cire aljihu da maɓallai, a ɗaga lanƙwasar wuya.

Sai a yi rowar turaku. Wuyan riga turke uku sun ishe shi, hammata biyu. Duk turken da aka ƙara ba bisa larura ba wani ƙusumbi ne a jikin layi, kuma ranar gyara sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan ne ba na goyon bayan umarnin nan da ke cikin dukkan manhajojin, wanda ke mayar da hoto zanen bekta da kansa. Yakan bi kowace ninkewa da kowane datti, ya zubo ɗaruruwan turaku, a ƙarshe gyaransa ya fi sabon zane cin lokaci. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa riga ta gaske a ƙasa, a tsaya a kanta daidai a ɗauki hoto, a sa hoton a falle na ƙasa a kulle shi, a bi gefensa da alƙalamin manhaja a falle na sama. Fallayen nan kamar takardu ne masu shara-shara da aka jera: ɗaya na jikin riga, ɗaya na ɗinki, ɗaya na launi, ɗaya na rubutun awo. Ana iya ɓoye kowane ba tare da an taɓa sauran ba.

Kaurin layi kuwa harshe ne. Al'adar masu sana'ar ita ce gefen riga ya fi kauri, inda yadi biyu suka haɗu a yi masa layi matsakaici, ɗinkin da ake gani a sama kuma a nuna shi da siririn layi mai tsinkewa. Idan layi biyu masu tsinkewa suka jeru a bakin aljihu, tela ya san sau biyu zai bi. Muhimmin abu shi ne shago ya tsayar da ƙa'ida ɗaya ya riƙe ta.

Wanda ya zana aljihu sau ɗaya bai kamata ya sake zana shi ba har abada. A buɗe fayil guda a mayar da shi rumbu: wuya iri biyar, hannu iri uku, aljihu, maɓalli, zif. A Inkscape ana iya yin kwafi mai bin uwarsa, ta yadda idan aka canja maɓalli ɗaya sauran duk za su canja. Wanda ya tara irin wannan rumbu, haɗa sabon kaftani a gaban mai kaya ba zai ɗauke shi fiye da 'yan mintoci ba.

Amma akwai rigar da ke karya dokar madubi, ita ce babbar riga. Jikinta dai hagu da dama ɗaya ne, kuma da yake asalinta ƙyallayen saƙi ne da aka jera, kusan duk layukanta miƙaƙƙu ne, ta fi kaftani sauƙin zane. Aikin da ke kanta ne ba ya bin madubi. Babban aljihu da askake, ko aska biyu ko aska takwas, a hagun mai sanyawa suke, tambari kuma a damansa da kuma baya. Wanda ya juya rabin babbar riga da aikinta zai fito da riga mai aljihu biyu, wadda ba a taɓa gani ba. Kuma a tuna, hagun mai sanyawa shi ne daman mai kallon takarda, don haka a rubuta a jikin zanen kowane ake nufi. Ba yau aka fara raba mai zane da mai ɗinki a wannan sana'a ba. David Heathcote, wanda ya yi nazarin aikin rigunan Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya nuna cewa sau da yawa malamai ne ke zana fasalin a jikin yadi da alƙalami da tawada, sannan masu allura su bi.

Tarkon faɗaɗawa

Tunda zanen bekta yana girma yana ƙanƙancewa ba tare da ya lalace ba, mai koyo yakan yi zaton idan ya zana rigar babba, sai kawai ya rage ta ya sami ta yaro. Wannan kuskure ne, kuma ilimin halittu ne ke bayyana dalili. Sassan jiki ba sa girma da gudu ɗaya. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na baligi kuwa kusan ɗaya cikin takwas. Wani masanin halittu ɗan Sikotilan, D'Arcy Thompson, ya nuna irin wannan a littafinsa na 1917. Ya zana kifi a kan raga mai murabba'ai, ya ja ragar ta wani gefe fiye da wani, sai ga siffar wani kifin daban ta fito.

Bari mu yi lissafi. Baligi mai tsawon santimita 170, kewayen kansa kusan 57 ne. Yaro ɗan shekara biyar tsawonsa kusan 110 ne, wato kashi 65 cikin ɗari na baligin. Idan aka rage zanen rigar da wannan ma'auni, wuyan da ke wuce kai mai santimita 57 zai koma 37. Amma kewayen kan yaron kusan 51 ne. Rigar ba za ta shiga ba. Wanda aka ba kwangilar rigunan firamare daga aji ɗaya zuwa aji shida, dole ya auna yara na gaske daga kowane rukuni, ya matsar da turakun tsawo da yawa, na faɗi kaɗan, na wuya kuma ƙasa da haka. Maɓalli da faɗin kalmasa ma ba sa bin girman riga. Wannan ne ya sa jerin awon da ke gefen zane ya fi zanen kansa iko. Idan suka saɓa, awo ake bi.

Kayan aiki

CorelDRAW shi aka fi sani a shagunan buga takardu na garuruwanmu, don haka ba a rasa wanda zai nuna wa yaro hannu. Illustrator tun 2013 ya koma na haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, abin da zai yi wa ɗalibi nauyi. Ga makaranta, shawarata ita ce Inkscape. Kyauta ne, ana iya ɗaukarsa a filashi a sa wa kwamfutoci da yawa ba tare da an karya doka ba, yana aiki ba da intanet ba, kuma yana ajiye zane a tsarin SVG, wanda sauran manhajojin ke iya buɗewa. Inda wuta ba ta da tabbas, a saba wa ɗalibai ajiye aiki bayan kowane mataki.

Wajen aikawa, a fitar da zanen a tsarin PDF a tura shi ta WhatsApp a matsayin takarda. Idan aka ɗauki hoton fuskar kwamfuta aka tura, ya koma ɗigo, kuma lambobin awo su ne farkon abin da ke dushewa. Mai son a yi masa surfani da injin kwamfuta kuma ya sani cewa injin ba ya karanta zanen bekta kai tsaye. Sai an mayar da kowane layi jerin sukar allura, a tsarin fayil irin DST na kamfanin Tajima na Japan, kuma akwai ƙari na kyauta mai suna Ink/Stitch da ke yin haka a cikin Inkscape. Zane mai turaku kaɗan shi ya fi ba da ɗinki mai tsabta.

Malamin ilimin halittu da na koyar da ɗinki za su iya haɗa darasi ɗaya a mako biyu. A makon farko a sayo karfasa a kasuwar Yauri, kowane ɗalibi ya zana ta da fensir bisa ƙa'ida, sannan ya sake zana gefenta a kwamfuta da turakun da ba su wuce goma sha biyu ba. A mako na biyu ya shimfiɗa rigarsa ta makaranta ya yi mata haka, gaba da baya, da jerin awo. Sai a karɓe rigunan, a rarraba takardun, a ba kowane ɗalibi zanen wani, a ce ya je ya tsamo rigar da aka zana daga cikin tarin.